Idon Auta a Tire na Uku

Shekara da shekaru ina sayar da biro da takarda, amma ban taɓa rubuta abin da ya wuce rasit ba sai yau. Abin da na gani a gidan da ke kallon shagona ne ya hana ni sakat. Na gaji da ba masu sayen ambulan labari suna ce mini in yi haƙuri. Ni ba haƙuri nake nema ba, so nake a sani.

Gidan Farfesa ne. Duk unguwar ba wanda ke kiransa da wani suna sai wannan. Masanin ƙwarin hatsi ne, ƙananan nan da ke shiga buhu su mai da abincin mutum gari, kuma an ce duk inda za a zauna a kan maganarsu a faɗin duniya, sai an jira shi. Na yarda. Mai kawo wasiƙu ma ya yarda, don shi ke shan wuyar. Kullum da safe sai ya sauke rabin jakarsa a ƙofar gidan, yana share gumi, yana tambayata ko ƙwarin ne da kansu suke rubuto wa mutumin nan.

Wadda ke karɓar wasiƙun ƙanwarsa ce, Auta. Ta ɗan haura arba'in, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, ta dawo gidan yayanta da zama. Ita ke farke ambulan, ita ke karanta masa, ita ke buga amsa da tafireta yana kai-komo a bayanta yana yi mata shifta. Ba ta da albashi. In wani ya yi karambanin tambaya, sai Farfesa ya ce ai 'yar gida ce, ci da sha da wurin kwana duk a kansa suke.

A kan teburinsa akwai tire uku na ƙarfe. Na farko na manyan masana ne da jami'o'i. Na biyu na ɗalibai da 'yan jarida da masu neman taimako. Na uku na gida. Ƙwarai kuwa, na gida. A gidan Farfesa ba a tambayar kuɗi da baki. In gas ya ƙare, matarsa za ta rubuta. In takalmin yaro ya tsinke, a rubuta, a sa kwanan wata, a sa hannu, a jefa a tire na uku. Ya ce shi mutum ne mai aiki da hujja, kuma abin da aka faɗa da baki ba ya barin hujja. Ƙarshen mako ake duba tire na uku, in na farko da na biyu sun rage lokaci. Galibi ba sa ragewa.

Mu na waje dariya muke yi wa wannan tsari. Har tsokanar matarsa nake in ta zo sayen takarda, in ce mata ko yau ma wasiƙar soyayya za a rubuta wa maigida a kan sabulu.

Wata safiya Auta ta shigo sayen zaren tawadar tafireta. Tana juyawa kafaɗarta ta hagu ta kwashe katakon da nake jera ambulan, komai ya watse a ƙasa.

"Wa ya ajiye wannan a hanya?" in ji ta.

"Auta, tun ranar da na buɗe shagon nan yake a wurin."

Ta durƙusa tana tsincewa. Na miƙa mata hannu ta gefe in taimaka mata ta tashi. Hannuna na nan dab da kuncinta, ba ta san yana nan ba.

Sai da na matsa mata sannan ta faɗa mini. Ta ce an daɗe gefe-gefen ganinta yana cinyewa, yanzu kamar ta cikin bututu take leƙen duniya. In ta dubi fitila sai ta ga zobe mai launi-launi ya kewaye ta. Da yamma kanta kamar zai tsage.

"Kin gaya wa yayanki?"

"Gajiya ce kawai, Mai Shago. Yana tsakiyar littafi, kin san yadda yake."

Na rufe shago a ranar, na ja ta zuwa asibitin ido. Likitar wata mace ce mai ɗan zafi, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ɗiga mata magani, ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ja kujera baya.

"Hawan jinin ido ne," in ji ta. "Na hagun ya kusa tafiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Na daman ana iya ceto shi. Za ki fara ɗiga magani yau, ba fashi, kuma ina so in yi miki aiki ba da daɗewa ba. Ki ji ni da kyau, baiwar Allah: a wannan ciwon abin da ya tafi ba ya dawowa. Kina da mai tsaya miki?"

Auta ta yi murmushi har da ɗan gyara zama. "Yayana Farfesa ne."

"To, madalla," in ji likitar. "Shi kam ba sai an yi masa dogon bayani ba."

Kuɗin kwalbar magani ta farko ni na biya, don shi ne iyakar ƙarfina. Kuɗin aikin kuwa, ko na sayar da shagon da abin da ke ciki ba zai kai ba.

Abin da ya faru a ɗakin karatun Farfesa, ita ta ba ni labari washegari. Ta ce ta jira sai da ya gama shiftar wata doguwar amsa, sannan ta ce, "Yaya, na je asibiti jiya." Ta faɗa masa duk abin da likita ta ce. Ya saurara yana gyaɗa kai, idonsa a kan wani kwali da ya jera ƙwari a ciki da allurai.

"Allah ya sauwaƙe," ya ce. "Ki rubuta."

"Yaya, ido ne fa."

"Shi ya sa ma. Babban abu ba a yi masa gaggawa. Ki rubuta, ki haɗa da takardar likitar. In na karya doka saboda ke, gobe me zan ce wa matata?"

Ta rubuta. Da hannunta ta ajiye a tire na uku, ƙarƙashin takardar gyaran famfo. Wancan ƙarshen makon baƙi suka zo masa, na bayansa kuma wata jami'a ta aiko da tambayoyi. Sai a mako na uku aka kai ga takardarta. Kuma tun da ita ce mai buga amsa, ita ta zura takarda a tafireta, ya tsaya a bayanta ya yi mata shiftar amsar kanta. Ta kawo mini na gani, na kuma karanta har sau biyu don ban yarda da idona ba.

"An karɓi takardarki, kuma an fahimci abin da ta ƙunsa. An amince da kuɗin maganin ɗigawa na wata guda, domin a ga sakamako. Batun aiki kuwa, ba a yanke hukunci da ra'ayin likita ɗaya. Za a tuntuɓi ƙwararre."

Ƙwararren wani abokinsa ne, farfesan ido a wata ƙasa mai nisa. Asibiti na nan bayan layinmu, waya na nan a kan teburinsa, amma sai ya rubuta wasiƙa shafi uku. Biyu da rabi a kan wani taro da suka taɓa haɗuwa, rabin ƙarshe a kan "wata mace a cikin iyalina". Auta ce ta buga, ita ta lashe kan sarki ta manna, ita ta kai gidan waya tana lalube bakin titi da ƙafa.

Kada wani ya ce Farfesa marowaci ne. Da marowaci ne da abin ya fi sauƙi a zuciyata. A cikin makonnin nan Auta ta buga wasiƙar aika kuɗin makaranta ga wani ɗalibi da bai taɓa gani ba, don yaron ya rubuto cewa littafin Farfesa ne ya sauya masa rayuwa. Ta buga ta sabunta rajistar mujallu. Ta buga ta odar wani kabad mai gilashi daga waje, wanda aka ce ƙwaro zai shekara ɗari a ciki bai lalace ba. Duk waɗannan a tire na farko da na biyu suke, ba sa kwana. Ranar da aka kawo kabad ɗin ƙarti huɗu ne suka shiga da shi, Farfesa na gaba yana cewa a yi a hankali da gilashin.

Watan gwaji ya ƙare, kwalbar ta ƙare. Ta sake rubutawa. Ya ce ina sakamakon? Ta ce likita ta ce maganin tsare abin da ya rage yake yi, ba ƙara gani yake ba. Ya ce in haka ne ba a nuna yana aiki ba, a jira ƙwararre tukuna kafin a ci gaba da zuba kuɗi a abin da ba a tabbatar ba.

Na sake saya mata kwalba ɗaya. Ta karɓa tana kuka, ta ce ita ce ta ƙarshe, don in Yaya ya ji maƙwabta na saya mata magani zai ce ta tozarta shi. Ta riƙa tsallake rana tana ɗigawa don ya daɗe.

Na tari matar Farfesa a ƙofar kicin, tana yanka albasa.

"Ke kina ganin abin da ke faruwa da goggon yaranki kuwa?"

"Ina gani mana. Ni ma takarduna na can a tiren, Mai Shago. Famfon nan da kike ji yana ɗiga, tun yaushe na rubuta?"

"Famfo daban, ido daban."

"Na sani." Ta share hanci da bayan hannu. "Amma kin san halinsa. In ka matsa masa sai ya ƙara taurin kai. A bi shi a hankali."

"Ki sa baki mana. Ko ki rage wani abu a kuɗin cefane."

"Yana duba rasit ɗaya bayan ɗaya." Ta sassauta murya. "Kuma tsakani da Allah, in aka kwantar da ita yanzu, wa zai yi masa wasiƙun nan? Ni zai kama. Ni kuwa ga yara, ga girki. Ta daure ya gama littafin nan, sai a yi komai a natse."

Na dube ta. Ba muguwa ba ce. Ta dai auna idon Auta da hutun kanta ne, ta ga hutun ya fi nauyi.

Daga nan kwanakin Auta suka riƙa lalacewa a gabana. Da, in ta fito karɓar wasiƙu, takan ɗaga mini hannu daga tsallaken titi. Ta daina, don ba ta ganin shagon. Ta fara bin bango. Ta ƙona yatsa da tukunyar shayi. Karatun wasiƙa da take yi kamar ruwa ya koma sai ta kai takardar bakin hancinta, tana bin layi da juya kai gaba ɗaya. Wata rana ta tsallake layi biyu a wasiƙar wata jami'a, Farfesa ya ba da amsar da ba ita aka tambaya ba, aka rubuto masa cikin ladabi ana neman ƙarin bayani. Ranar ya sha mur har yamma.

"Sunana ne a ƙasan takardun nan, Auta, ba naki ba," ya ce mata. "Ki riƙa lura."

"Yaya, ba na gani ne."

Abin mamaki, wannan maganar ta shiga. Washegari da kansa ya tako shagona ya sayi madubin ƙara girman rubutu, mafi tsada da nake da shi, ya kuma aika aka sayo fitilar tebur mai ƙarfi. Ba takarda, ba tire, ba jiran ƙarshen mako. Wannan kayan aiki ne, in ji shi, ba buƙatar gida ba.

Na fara naɗe masa madubin. Na ce yau dai sai na faɗa.

"Farfesa, ka yi mini afuwa, ni ba kowa ba ce. Amma da ni aka je asibiti. Likita ta ce in ba a yi aikin nan ba Auta za ta makance."

Ya dube ni ta saman tabarau, cikin fara'a, irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai ci ba.

"Na gode da kulawarki, Malama. Likitar ta ce za ta makance, ko tana iya makancewa?"

"Ni dai na ji ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa."

"Kin gani? Ba ki riƙe kalmomin ba. Da haka ake tayar wa mutane hankali. Na rubuta wa wanda ya fi wannan likitar sani nesa ba kusa ba. Kina so a yanka idon ƙanwata a kan zato? In aka yi aikin ya lalace, ke za ki ba ta wani?"

"To ka kira shi a waya mana!"

"Mutum irinsa ba a tare shi da waya kamar mai sayar da kaya. Kuma ina da babban taro a gabana, dole littafin nan ya fita kafin lokacin. Da na dawo, maganarta ce ta farko." Ya ɗauki madubinsa. A bakin ƙofa ya juyo. "In kina da wani abin da kike ganin ya kamata in sani, ki rubuto. Auta za ta sa a tire na biyu."

Da ba don girman furfurarsa ba, da na jefe shi da kwalbar tawada. Na zauna na yi ta huci ni kaɗai, har wani yaro mai sayen fensir ya juya ya fita.

Auta ta gama buga littafin a ƙarƙashin fitilar nan mai ƙarfi, hawaye na zuba daga idon da ya rage, ba na kuka ba, na azaba. Na ba ta shawara ta ajiye aikin, ta gaya masa ba za ta taɓa tafireta ba sai an kai ta asibiti, mu ga ko ba zai motsa ba.

"In ajiye in je ina?" ta ce. "Ɗakin da nake kwana nasa ne. Kuma Yaya ba mugu ba ne, Mai Shago. Shi ya goya ni ina ƙarama. Abin ne bai shiga kansa ba."

Wannan kariyar da take ba shi ta fi komai ƙona mini rai.

Ya tafi taro, ya dawo da lambar yabo a cikin akwati mai shimfiɗar ƙyalle ja. Amsar ƙwararren ma ta iso. Matarsa ce ta karanta masa, don a lokacin Auta ko da madubin ba ta iya raba baƙi da fari. Gajeriya ce. Mutumin ya ce abin da likitarku ta faɗa daidai ne, a yi aikin nan take, kuma yana fata an riga an yi tun kafin wasiƙarsa ta iso.

"To, yanzu an samu hujja," in ji Farfesa. Ya sa hannu a takardar Auta, ya ce a shirya mota.

Na bi su. Shi ne karonsa na farko a asibitin. Likitar ta ɗora haɓar Auta a kan na'ura, ta leƙa, ta kunna wata 'yar fitila ta kai ta dama, ta kai ta hagu.

"Kina ganin hasken nan?"

"Kin kunna ne?" in ji Auta.

Likitar ta kashe fitilar ta ajiye. Ta juya ga Farfesa.

"Kai ne yayan?"

"Ni ne. Na zo da kuɗin aikin, cif."

"Ka koma da su. Ba abin da zan yi wa aiki. Tun yaushe na ce a kawo ta? Wa ya ce ta daina ɗiga magani?"

"Likita, kin san a ilimi ba a dogara da ra'ayi ɗaya. Na bi matakan da suka dace."

"Matakan sun cinye mata ido," in ji likitar. Ta kira na gaba.

A barandar asibitin Auta ta zauna a kan benci, hannunta a cikin nawa, sanyi ƙalau. Ba ta yi kuka ba. Farfesa na tsaye yana yi wa matarsa bayani, amma da ƙarfi yadda zan ji. Ya ce wannan ciwo a jini yake, wata goggonsu ma da shi ta tsufa. Ya ce ko an yi aikin, ba kowa yake yi wa amfani ba, akwai alƙaluma a kai. Ya ce da Auta ta bayyana tsananin abin sosai a takardarta, da ya fahimci na gaggawa ne, amma ta rubuta shi a sanyaye. Matarsa ta ce haka Allah ya ƙaddara. Ya ce ƙwarai, ya duba agogo.

Makonni gidan ya yi tsit. Wasiƙu suka taru har tire na farko ya yi tozo. Na ji an ce ya gwada wata sakatariya ta haya, ta yi kwana kaɗan ta gudu, don ta ce a biya ta kuma a bar ta ta tashi da yamma.

Sai wata safiya, ina share ƙofar shago, na ji ƙarar tafireta daga tagar ɗakin karatu. Na saki tsintsiya na tsallaka da sunan kai takarda. Auta ce a kujerarta, da baƙin tabarau a fuska, bayanta a miƙe. Matar Farfesa na gefe tana karanta wasiƙa fuska a murtuke. Shi kuma yana kai-komo yana shifta, yatsun Auta na bin maganarsa ba tuntuɓe.

"Kin ga ikon Allah, Malama?" ya ce da ni, fuskarsa fal farin ciki. "Yatsunta sun haddace wurin kowane harafi. Kurakuranta ma sun ragu. Na gaya mata zama haka nan ba zai yi mata kyau ba, aiki shi ne maganin tunani."

Ba a daɗe ba wani ɗan jarida ya zo yin hira da shi a kan lambar yabon, tare da mai ɗaukar hoto. Ina ɗakin, na kawo ambulan. Ɗan jaridar ya yi tambayoyinsa na ƙwari yana hamma a ɓoye, har idonsa ya faɗa kan Auta tana bugu ba ta kallon takarda. Ya tambaya. Farfesa ya sauke murya, ya ce ƙanwarsa ce, lalurar ido ta same ta, amma a gidansa ba a yar da mutum don ya nakasa. Ya ce ya riƙe ta a kan aikinta don ta san har yanzu tana da daraja.

Ɗan jaridar ya farka. Ya ce wannan ai shi ne labarin, duniya na buƙatar ta san wannan ɓangaren na Farfesa. Aka ja kujerar Auta kusa da taga, aka tsayar da shi a bayanta, hannunsa a kafaɗarta. Mai hoton ya leƙa ta na'urarsa ya ɗan yamutsa fuska, ya ce da tabarau ɗin nan sai a ɗauka ado ne.

"Gaskiya ne," in ji Farfesa. "Auta, cire tabarau ɗin. In ba haka ba mutane ba za su gane ba."

Ta cire. Ya zagayo gabanta, ya kama haɓarta da yatsu biyu, ya ɗaga fuskarta ya juya ta wajen haske.

"Buɗe sosai in gani."

Ta buɗe. Ya sunkuyo ya daɗe yana dubawa, a natse, yadda yake duba abin da ya soke da allura a kwali. Sannan ya ce wa mai hoton yanzu ya yi, ya koma bayanta ya gyara wuyan riga ya yi murmushi.

Jaridar ta fito. A shagona ake sayenta, don haka da kunnena na ji abin da unguwa ta ce. Ga ilimi ga tausayi. Da kowane ɗan'uwa haka yake da duniya ta zauna lafiya. Wani dattijo har ƙwalla ya share. Wasiƙun yabo suka fara zuwa, mai kawo wasiƙu ya ƙara jaka, kuma Auta ce ke buga godiyar kowace ɗaya.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ba wanda ya doki Auta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. Kuɗin na nan, motar na nan, asibitin na bayan layi. An dai sa idonta a layi ne, bayan mujallu da kabad da yabon baƙi, kuma duk wanda ya bar shi a layin yana da dalilinsa mai kyau da zai faɗa maka cikin ladabi. Irin wannan zaluncin ba ya yin ƙara, shi ya sa maƙwabta ke kiransa tsari.

Ranar hoton, bayan baƙin sun tafi, ni na riƙe hannunta na kai ta ɗakinta. Ta zauna a bakin gado tana juya tabarau ɗin a cinyarta. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta tsine wa wani, in samu in taya ta.

"Mai Shago," ta ce, "da ya ce in buɗe, ya duba da gaske?"

"Ya duba."

"Ya daɗe?"

"Ya daɗe."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Kin san tun da ciwon nan ya fara, yau ce rana ta farko da ya ce in buɗe idona ya gani."